Ais Kacang: Jagorar Mai Son Sana'ar Gurzajjiyar Ƙanƙara

Duk wanda ya zauna a Malesiya ko Singafo, ko da na wata guda ne, da wuya ya dawo bai sha ais kacang ba. A George Town ta tsibirin Penang, da Malaka, da Kwala Lamfur, ana samunsa a bakin titi, da rumfunan masu abinci, da kasuwannin buɗa-baki da ake kafawa a watan azumi. Tulin ƙanƙara ne da aka gurza ta yi laushi, aka tsiyaya mata jan ruwan sukari da ruwan sukarin kwakwa mai duhu da madara, a ƙarƙashinta kuma ga jan wake da masara mai zaƙi da yankakken jeli. Wasu kan kira shi ABC. Ɗalibanmu da suka yi karatu a can, da matasan da ke ganinsa a bidiyo, da yawa suna sha'awar kafa teburinsa a gida, kuma sha'awar tana da hujja, domin garin da zafinsa ke haura digiri 40 a watan Afrilu ba ya rasa mai neman abu mai sanyi. Abin da ya sa wannan jagora ta zama dole shi ne sababbin shiga kuskure ɗaya suke ta maimaitawa. Sai su zuba kuɗinsu da hankalinsu a kan launi da kayan ado, ƙanƙarar kuwa su karɓe ta a hannun duk wanda ya turo ta a baro. Abin da zan kafa hujja a kansa daga farko har ƙarshe shi ne, a wannan sana'a ƙanƙara ita ce abincin, kuma wanda bai mallaki ƙanƙararsa ba bai mallaki sana'arsa ba.

Tarihin abin ma shaida ne. A shekarun 1950 da 1960, abin da yara ke saye a titunan Singafo da Malaya curin ƙanƙara ne kawai, a gurza, a dunƙule, a zuba masa ruwan sukari. Kwano da cokali da tarin kayan haɗi daga baya suka yawaita. Haka kuma idan ka dubi danginsa a duniya, halo-halo na Filifin, da es campur na Indonesiya, da kakigori na Japan, da patbingsu na Koriya, da gola na Indiya da Pakistan, za ka ga kowa da abin da yake ɗorawa, amma duk a kan ƙanƙara suka haɗu. Sai kuma wata hujja da ta fi waɗannan nauyi: a cikin kwanon nan, wake ya ga wuta, ruwan sukari ya ga wuta, madarar gwangwani ta ga wuta tun a kamfani. Ƙanƙara kaɗai ce ke shiga cikin mai saye ba tare da ta bi ta kan wuta ba, kuma ita ce ta fi komai yawa a kwanon.

Kafin ka fara, ka tanadi injin gurza ƙanƙara irin wanda ke kama dunƙule guda yana juya shi a kan wuƙa, na hannu ko na lantarki. Na Japan irin su Swan da Hatsuyuki sun yi suna, akwai kuma masu sauƙin kuɗi da ke aiki daidai idan wuƙarsu ba mai tsatsa ba ce. Kana buƙatar firiza wadda ba a ajiye nama ko kifi a cikinta, da robobin daskarwa masu murfi daidai bakin injinka, da kula guda biyu, da tukwane, da mataci, da kwalabe masu tsukakken baki na ruwan sukari, da ƙananan robobi masu murfi na kayan haɗi kowace da cokalinta, da sikeli, da bokiti mai famfo da sabulu na wanke hannu. Kayan haɗin su ne jan wake, sukari, sukarin kwakwa ko mazarƙwaila, garin agar, masara mai zaƙi, soyayyiyar gyaɗa, da madarar ruwa ta gwangwani. Idan jarinka bai kai ba, rage kayan haɗi, kada ka rage firiza ko kula.

Mataki na 1: Ruwa

A nan ake samun gardama mafi yawa, don haka a nan zan fi daɗewa. Mutane da yawa sun yi imani cewa sanyi yana kashe ƙwayoyin cuta, cewa ruwa idan ya daskare ya tsarkaka. Dalilinsu ba na banza ba ne, domin sun ga firiza tana hana nama ruɓewa wata da watanni. Amma abin da sanyi ke yi shi ne ya dakatar da ƙwayoyin, ya hana su hayayyafa. Wasu kan mutu, da yawa kuma sukan jira. Ƙwayoyin taifot da na kwalara da na ciwon hanta nau'in A duk an tabbatar suna iya rayuwa a cikin ƙanƙara, kuma da zarar ta narke a baki sun koma aiki. Ai shi ya sa a ɗakunan bincike, idan ana son adana ƙwayar cuta ta daɗe, daskarar da ita ake yi. Wannan ba magana ce ta nesa da mu ba. A 2021 hukumar NCDC ta ƙirga fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma jihohin Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Mai tebur guda da ke gurza gurɓatacciyar ƙanƙara zai iya raba cutar ga unguwa guda a yini ɗaya, kuma yara ne mafi yawan masu sayensa.

Saboda haka ruwan da za ka daskarar dole ya zama wanda za ka ba jaririnka ba tare da ɗar ba. Idan na rijiya ne ko na famfo ko na 'yan garuwa, ka fara tace shi. In yana da duhu, ka bar shi ya kwanta ka tsiyaye na sama. Sannan ka dafa shi ya tafasa sosai, yana ɓulɓula, aƙalla minti 1, ka rufe shi ya huce a cikin tukunyar da aka dafa shi. Kuskuren da ake yi a nan shi ne a dafa ruwa da kyau sannan a ɗebe shi da moɗar da ke yawo a tsakar gida, aikin ya koma baya. Idan maganin kilorin na tsaftace ruwa za ka yi amfani da shi, bi ma'aunin da ke jikin kwalbar ka jira minti 30, sai dai ka sani warinsa yana fitowa a ƙanƙara, shi ya sa tafasawa ta fi dacewa da wannan aiki. Wani zai ce, ai dunƙulen ƙanƙarar da ake sayarwa a kasuwa kowa na amfani da ita kuma ba a ga kowa ya faɗi ba. Amsar ita ce yawancinta don sanyaya kwalba da leda aka yi ta, tana taɓa bayan kwalba ne kawai. Ana jan ta a ƙasa, ana lulluɓe ta da buhu ko diddigar katako, ana sara ta da adda. Ga sanyaya lemo wannan ya wadatar. Ga abin da za a ci da cokali bai wadatar ba.

Mataki na 2: Daskarwa

Zuba ruwan da ya huce a robar daskarwa, ka bar sarari a sama, domin ruwa yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100 idan ya daskare, kuma robar da aka cika maƙil fashewa take yi. Dunƙule mai kilo 2 zuwa 3 yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu a firizar gida idan wuta ta tsaya. Ƙanƙarar da ta daskare da gaggawa daga kowane gefe takan fito da farin ciki a tsakiya, wato iska ce da gishirin ruwa suka taru a can. Wannan farin wurin yana da rauni, yana ɓarewa a kan wuƙa, yana kuma saurin narkewa. Wadda ta daskare a hankali, daga sama zuwa ƙasa, ita ce ke fitowa garau kana hango hannunka ta cikinta, kuma ita ce ke gurzuwa da kyau. Hanya mai sauƙi ta samun haka ita ce a naɗe gefe da ƙasan robar da abin da ke riƙe zafi, a bar sanyi ya shiga ta sama kawai. Idan an ɗauke wuta har dunƙulen ya narke rabi ya sake daskarewa, zai tsattsage ya yi gautsi. Irin wannan ka mayar da shi na sanyaya kula.

Mataki na 3: Wake

Waken da ake amfani da shi a Malesiya ƙaramin jan wake ne, wanda Japanawa ke kira azuki. Idan ba ka samu ba, jan waken gida zai yi, muddin ka zaɓi ƙanana masu kyau. Ka tsince, ka wanke, ka jiƙa ya kwana, ka dafa na ɗan lokaci ka zubar da ruwan farko. Zubar da ruwan farko yana rage gafi, kuma a wajenmu yana da ƙarin dalili, tunda ana zuba wa wake maganin ƙwari a rumbu, har Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015 saboda yawan maganin a jikinsa. Hanya mafi aminci ita ce sayen wake a hannun wanda ka san yadda ya adana shi. Sai ka sake ɗora shi da sabon ruwa a wuta marar ƙarfi har ya yi laushin da za ka murje ƙwaya tsakanin yatsu biyu ba tare da ka ji tauri a tsakiya ba. Sai a wannan lokacin za ka zuba sukari da ɗan gishiri. Kusan duk sabon shiga yana zuba sukari tun farko don ya shiga jikin waken, sai ya wayi gari da wake mai tauri wanda ko awa nawa ya ƙara a wuta ba zai nuna ba, domin sukari yana janye ruwa daga ƙwayar ya hana ta laushi. Ka tuna kuma sanyi yana ƙara wa wake tauri, don haka wanda ya yi daidai a tukunya zai yi ƙarfi a ƙarƙashin ƙanƙara. Ka dafa shi ya ɗan zarce. Kada ka sa kanwa don gaggawa, tana fasa fatar waken ta canza masa launi da ɗanɗano. Idan kuwa babban jan waken nan na gwangwani ka samu busasshensa, dole ya yi tafasa mai ƙarfi aƙalla minti 10 kafin a rage wuta, saboda yana da wani guba da ke sa amai wanda sai zafi mai ƙarfi ke kashewa. Da ka sauke, baza shi a faranti mai faɗi ya huce da wuri, ka sa a firij.

Mataki na 4: Jeli da sauran kayan ƙasa

Yi amfani da agar, wanda ake samu daga ciyawar teku. Halal ne ba tare da tambaya ba, kuma ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 85, alhali jelatin tun a wajen digiri 35 yake sakin jiki, wato a zafin rumfa kawai zai koma ruwa. Giram 10 na garin agar ya ishi lita 1 ta ruwa. Ka tafasa shi minti biyu ko uku kana juyawa har ya narke duka, ka sa sukari, ka juye a faranti, idan ya kama ka yanka ƙanana. A can suna ƙarawa da baƙin jelin ganye da suke kira cincau, da 'ya'yan wani irin giginyar fadama, da koren cendol na garin shinkafa. Babu wanda rashinsa zai hana ka sana'a. Gyaɗa dai ka tsince ta da kyau, ka zubar da duk mai fumfuna ko ɗaci, ka kuma riƙa tambayar mai saye kafin ka barbaɗa, domin akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓarta.

Mataki na 5: Ruwan sukari

Auna da sikeli, kada ka auna da ido. Sukari kilo 1 a ruwa lita 1 shi ne ma'aunin farawa, na yini ɗaya ko biyu a firij. Idan kana son wanda zai fi daɗewa, sukari kilo 2 a lita 1, wanda ya kusa iyakar abin da ruwa zai iya narkarwa. Ka ɗanɗana shi a kan ƙanƙara, kada ka ɗanɗana a cokali, saboda sanyi yana dakushe harshe, ƙanƙarar da ke narkewa kuma tana tsinka shi. Wanda ya yi daidai a cokali zai yi salam a kwano. Ais kacang na asali yakan ɗauki ja mai ƙamshin fure, da mai duhu na gula melaka, wato sukarin da ake dafawa daga ruwan furen kwakwa. Mazarƙwaila ta rake tana tsaya masa sosai, tana da irin wannan ɗanɗano na ƙonannen sukari mai ɗan ɗaci a baya. Ka narka ta da ruwa kaɗan a wuta marar ƙarfi, ka tace da ƙyalle mai tsabta, don ba ta rasa yashi da ɓawon rake. Zoɓo yana ba da ja mai kyau ba tare da launin kanti ba, amma ga gargaɗi: zoɓo da tsamiya suna da tsami, kuma tsami yana tsinka madara. Kwanon da ka zuba wa zoɓo kada ka bi shi da madara, in ba haka ba mai saye zai ga gudaji-gudaji ya ɗauka kayanka sun lalace.

Masu cewa ido ne ke fara saye, don haka launi ne jari, suna da rabin gaskiya. Launi yana tsayar da mai wucewa karo na farko. Amma sana'ar bakin titi da mai dawowa take rayuwa, kuma abin da ke dawo da mutum shi ne abin da ya ji a baki da lafiyar da ya kwana da ita. In za ka sa launi, sayi na abinci mai lambar NAFDAC, ka guji garin launin da ake ƙullawa a leda ba suna ba lamba, domin ba ka da hanyar bambance shi da na rini. Akwai kuma masu cewa da zarar an sa mazarƙwaila da zoɓo ya daina zama ais kacang. A can ma ba su taɓa tsayawa a kan haɗi ɗaya ba, wannan rumfa ta sa duriyan, waccan ta ɗora ayis kirim, wata ta sa mangwaro. Abin da bai canzawa shi ne laushin ƙanƙara da wake a ƙasa.

Duk ruwan sukarin ya kwana a firij kafin a fita da shi. Lissafin a bayyane yake: narkar da giram 1 na ƙanƙara yana cin zafin da zai ɗaga giram 1 na ruwa da digiri 80. Ma'ana, ruwan da ya zauna a rana ya kai digiri 40 zai narkar da ƙanƙara kusan rabin nauyinsa kafin ya huce. Ƙari a kan haka, sukari da kansa yana sa ƙanƙara narkewa ko da yana da sanyi. Mai zuba ruwan sukari mai ɗumi shi ke rushe tulinsa da hannunsa, sannan ya ɗora laifin a kan inji.

Mataki na 6: Gurzawa

Dunƙulen da ya fito daga firiza kai tsaye yana wajen digiri 18 ƙasa da sifili, ya yi fari da raɓa a jikinsa, yana manne wa yatsa. Idan ka ɗora shi a inji a haka, wuƙar ba za ta yanke shi ba, farfasa shi za ta yi, kuma ita ma za ta dakushe. Ajiye shi a roba mai tsabta a rufe, minti 10 zuwa 20 gwargwadon zafin gari, har farin ya ɓace, jikinsa ya yi sheƙi yana ɗan naso. Kada ka watsa masa ruwa don ka gaggauta, zai tsage nan take. Ka ɗaure shi da kyau a inji, ka fara da wuƙa a can ƙasa, kana ɗaga ta kaɗan-kaɗan da maɓallin gefe har ka ga ƙanƙara na zubowa siririya tana sauka a hankali. Kunne ma yana faɗa maka: idan kana jin shuu a jere, aiki na tafiya, idan kana jin ƙaras-ƙaras, ko wuƙa ta fito da yawa, ko ta dakushe, ko dunƙulen bai saki ba.

A nan ne wasu ke tambaya, me ya sa sai inji, alhali bilenda ko turmi zai farfasa ƙanƙara da kuɗi kaɗan? Bambancin shi ne bambancin gari da tsaki. Farfasasshiyar ƙanƙara ƙwaya-ƙwaya ce, akwai manyan ƙofofi a tsakaninta, ruwan sukari sai ya bi ta ciki ya taru a gindin kwano. Mai sha zai tauna ƙanƙara salam a sama, ya tarar da zaƙi mai hawa kai a ƙasa. Gurzajjiya kuwa siraran ɓawo ne da ke riƙe ruwan a tsakaninsu, kowane cokali ya zo da rabonsa, ta narke a harshe ba tare da haƙori ya yi aiki ba. Wannan laushin shi ne abin da mutum ba zai iya yi a gidansa ba, shi ne kuma dalilin da zai sa ya biya ka. Game da haɗari, wuƙar nan tana cire yatsa. Kada ka sa hannu a ƙarƙashinta inji na juyawa, ka cire wayar daga soket kafin ka taɓa ta, kuma idan na lantarki ne ka ɗaga waya da soket daga ƙasa, domin ƙasan tebur kullum a jiƙe yake.

Mataki na 7: Haɗa kwano

Tambayi mai saye abin da yake so tun kafin ka kunna inji. Sa wake da jeli da masara a gindin kwano mai sanyi, ka tara kwanon a ƙarƙashin wuƙa kana juya shi, ƙanƙarar ta taru da kanta. Gyara gefe da bayan cokali ko da safar hannu, a hankali. Dannawa da ƙarfi yana mayar da ita dunƙule, ruwan sukari ya kasa shiga. Tsiyaya ruwan siriri kana zagayawa, kowane launi a gefensa, madara a ƙarshe daga sama, sannan gyaɗa. Miƙa nan take. Ba a gurza ƙanƙara a ajiye ana jiran ciniki.

Mataki na 8: Riƙon tebur

Ƙanƙara mai tsabta tana iya gurɓata a taku na ƙarshe, kuma yawanci hannu ne ke gurɓata ta. Kula ɗaya ta ƙanƙarar ci ce kaɗai, ba a jefa kwalba ko robar wake a ciki. Ɗayar ita ce ta sanyaya kayan haɗi. Hannun da ya karɓi kuɗi ba ya taɓa dunƙule sai an wanke shi da sabulu, kuma in da hali a samu mutum biyu, ɗaya na kuɗi ɗaya na inji. Wanda ke gudawa ko amai ya zauna a gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a zafin ɗaki, a riƙe shi ƙasa da digiri 5 ko sama da 60. Dafaffen wake mai sukari, da masara, da madarar da aka buɗe, duk suna cikin wannan hukunci, kuma zafinmu ya fi na ɗakin da ake nufi. Ka fito da kaɗan, saura ya zauna a kula. Komai a rufe saboda ƙuda da ƙura. Kwanukan da ake maimaitawa a wanke da sabulu, a ɗauraye, a tsoma a ruwan da aka sa babban cokali 1 na bilic marar turare a lita 4, a kife su bushe. Da yamma a kwance wuƙa a wanke a shanya, abin da ya rage na wake da madarar da suka yini a tebur a zubar.

Hujja mafi ƙarfi da ake kawowa a kan duk wannan ita ce ta kuɗi, kuma ban raina ta ba. Wuta ba ta tsayawa, man janareta ya yi tsada, gawayin dafa ruwa ma kuɗi ne, kuma maƙwabcinka da ke sayen ƙanƙarar baro zai sayar da araha fiye da kai. Amma ƙasashen da wannan abinci ya fito sun bi ta nan. Singafo ta kwashe masu tallan titi daga 1971 zuwa 1986 ta zuba su a cibiyoyi masu ruwan famfo da magudana, musamman saboda tsabta, sana'ar kuma ba ta mutu ba, har UNESCO ta sa al'adar cikin jerin al'adun gado na bil'adama a 2020. A Malesiya dokar tsabtar abinci ta 2009 ta wajabta wa mai sayar da abinci horo da allurar rigakafin taifot. Amincin da mai saye ke da shi ne ya sa sana'ar ta ɗore. A wajenmu, inda ba lallai wani jami'i ya zo duba teburinka ba, nauyin ya dawo kanka. Hanyoyin rage tsada suna nan: ka daskarar da yawa a ranar da wuta ta zauna ka adana a firiza a rufe, ku haɗa kuɗi ku biyu ko uku ku sayi firiza mai aiki da hasken rana, ko ka ƙulla ciniki da masana'antar ƙanƙarar da ka shiga da ƙafarka ka ga ruwanta da yadda take naɗe kayanta. Ka fara da launi biyu da kayan haɗi uku, ka sayar da iya abin da dunƙulenka ya bayar. Ranar da ba ka da ƙanƙarar da ka san ruwanta, ɗan'uwa, kada ka buɗe teburin.